Na Sauya wa Dararka Yare

Zuwa ga Yayana Kabiru,

Assalamu alaikum. Hannuna ya riga ya rubuta "da fatan kana lafiya" kafin in ankara, sai na tsaya ina kallon layin, na goge shi. Wane fata ya rage in yi maka ban da rahama? Na san ba za ka karanta wannan wasiƙar ba. Ko da kana raye ma ba karanta dogon saƙona kake yi ba, da ka ga ya wuce layi uku sai ka turo mini hoton babban yatsa, ka ce za ka kira anjima. To yau babu wanda zai katse ni, zan faɗi duk abin da ke bakina.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Kowa lafiya, alhamdulillahi. Damina ta zo da ƙarfi bana, kwatar bayan gida ta cika har ruwa ya shigo ƙofar ɗakin Umma, kuma kwanon rufin da ka yi ta alkawarin za ka sauya, maigidana ne ya sauya shi a ƙarshe. Umma tana nan da ciwon gwiwarta da mitarta, babu wanda ya ragu a cikinsu. Bilki ta gama takaba ta koma gidansu a Shasha, amma duk Juma'a tana kawo mana Nana. 'Yarka ta yi baki, Yaya. Yarbanci ya fi yawa a bakin, ranar nan ta durƙusa ta gai da Umma da shi tiryan-tiryan, Umma ta ce ita dai ta ga ta kanta, jikarta ta zama 'yar Iya mai amala. Goshinka ne da yarinyar, da taurin kanka, da yadda kake amsa kira ba tare da ka ɗago kai ba.

Baba kuwa ya tsufa a shekarar nan fiye da yadda ya tsufa a goman da suka wuce. Ya bar wa Kawu rumfar goron, sai jefi-jefi yake leƙawa. Daga gida sai masallaci, daga masallaci sai zaure. Maganarsa ce ta zaunar da ni rubutun nan, ita da maganar Darar Sabo, wasan nan na waya da ka ƙirƙira. Na sake rubuta sabarka daga farko har ƙarshe da wani yaren kwamfuta, kuma abin ya taɓa Baba ta inda ban taɓa zato ba. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ka tuna yadda ka fara ta? Kana zuwa kasuwar Bodija a nan Ibadan gyaran waya, kana ganin alaru masu dako da masu albasa sun tona gurabe a ƙasa suna dara kafin mota ta iso, da an kira kaya sai a watse, ƙafafu su share wasan. Ka ce za ka sa musu darar a waya, yadda mutum zai ajiye wasa ya ɗauki buhu ya dawo ya tarar da shi, ko ya buga da ƙaninsa da ke can Illela. Mun yi maka dariya a gida. Ba ka kula mu ba, ka rubuta ta da PHP, don shi ne yaren da ka koya a shagon intanet na Mokola, kuma a kan laftof ɗin nan mai tsagaggen gilashi ka koya mini nawa rubutun na farko. Har yau Umma ba ta yarda cewa wasan ba a cikin wayar yake ba. Na gaji da yi mata bayanin cewa akwai wata kwamfuta can a wata ƙasa, ita ce saba, ita ke riƙe da allon kowa, tana ganin wanda ya taka, tana gaya wa abokin wasansa. Sai ta ce to wa ke ba ta abinci.

Bayan rasuwarka ni ce mai ba ta abincin. Babu wanda ya ɗora mini, ni kaɗai ce dai na san inda makullan suke. Da farko ba na taɓa komai, in ta faɗi in tashe ta, shi ke nan. Amma jama'a sai ƙaruwa suke yi, kuma kullum bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta lafa kowa ya zaro waya, sai ta fara nishi. Saƙonnin murya suka yi ta shigo mini daga mutanen da ban taɓa gani ba. Wannan ya ce Anti gem ɗin yana hangin, wato wasan yana daskarewa, wancan ya ce ana dab da ya ci aka fitar da shi, wani tsoho mai doya ya yi mini ta'aziyya mai tsawo sannan ya ɗora da cewa amma fa abin nan ya lalace. Ana cikin haka kamfanin da ke ajiye mana sabar ya aiko cewa zai daina ɗaukar tsohon samfurin yaren da ka yi amfani da shi, suka ba ni wa'adi. Na gwada ɗaga ta zuwa sabon samfuri, na gyara nan, can ya ɓalle. Sai na ga gara in sake gini da in yi ta yaɓe.

Kuma tunda ba za ka iya rama mini ba, bari in faɗa maka gaskiya a kan kod ɗinka, wato rubutun da ka yi wa sabar. Yaya, ka ji tsoron Allah. Wane irin mutum ne zai sa wa abu suna "wancan", ya sa wa na kusa da shi "wancan2"? Akwai wani dogon sashe da ka rubuta a samansa "kar a taɓa", ba ka faɗi dalili ba, ba ka bar wa mai zuwa ko ɗan haske ba. Bayananka rabi Hausa, rabi Turanci, inda ranka ya ɓaci kuma Yarbanci. Kamar ɗakinka ne sak lokacin kana saurayi, komai a warwatse, amma kai ka san inda kowane abu yake. Na yi ta yi maka faɗa a raina ina karantawa. Wani lokaci kuma in ci karo da wani wuri da ka warware matsala da dabarar da ni ba zan taɓa tunaninta ba, sai in rufe laftof ɗin in tashi in hau wanke-wanken da bai kai lokaci ba.

Na zaɓi yaren Go, don shi nake aiki da shi a kamfanin nan na Legas da nake yi wa aiki daga gida, kuma yana iya ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda ba tare da ya shaƙe ba. Na san da kana nan sai ka ce yayi ne kawai, ka ce naka ma yana aiki. Na ɗaukar wa kaina alkawari ɗaya: ba zan sauya dokar wasa ko ɗaya ba, ba zan gyara maka tunani ba. Abin da ka ce da PHP shi zan ce da Go, layi bi layi. Da safe nake yi, bayan yara sun tafi makaranta, in an yi sa'ar wuta. Matan layinmu kowa da sana'arta a cikin gida, wannan alkaki, wannan ɗinki, wannan kunun aya, ni kuwa in sun shigo suka tarar da ni gaban allo sai su ce Rakiya tana nan tana latse-latsenta. Ban taɓa gaya musu cewa hira nake yi da kai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ka tuna Ɗan Gida, abokin wasan da ka ƙirƙira don wanda ya shigo bai samu mutum ba ya buga da kwamfuta? Kai ka koya masa abin da zai so da abin da zai ƙi, kuma ba ka da wani ma'auni sai naka. Ya fito yana son guraben tsakiya kamar kai, yana raina gefen allo kamar kai, kuma in ya ga ci ba ya iya kau da kai. Ka san tarkon Baba. Zai bar maka ɗa guda a fili kamar ya manta da shi, kai kuma ka jera ukunka ka cinye kana murna, kafin ka farga ya kafa abin da yake kira doki a gefe, ya matsa nan ya ci, ya koma can ya ci, har ya share ka. Tun kana ɗan firamare yake yi maka wannan, har ka yi aure ka haihu ba ka daina faɗawa ba. Ba don ba ka da kai ba. Kullum hankalinka rabi yana kan allo, rabi yana kan wayar da ke ruri a aljihunka. Shi kuma ya gyara hula ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Baban da ya ce darar waya ta malalata ce, wanda ya ce shi sai ya ji tsakuwa a hannunsa, shi ne bayan sadakar arba'in ɗinka ya sa aka saka masa manhajar. Ban sani ba sai wata rana da na kai masa fura bayan la'asar, na jiyo shi daga soro yana magana. Na ɗauka baƙo ya yi. Da na leƙa sai na gan shi shi kaɗai, tabarau a kan hanci, waya a tafin hannu, yana yi wa Ɗan Gida faɗan kwaɗayi da irin muryar da yake yi maka. Na ajiye furar na fita a hankali. Tun daga ranar kowa a gidan ya san cewa bayan la'asar ba a damun Baba. Ba wanda ya taɓa furta dalili, ko Umma da ba ta iya riƙe magana.

Da na gama sabuwar saba na gwada ta iya gwaji, na kwashe kowa da kowa na mayar can a rana ɗaya. Tsohuwar na bar ta a kunne babu kowa a ciki, kafin wa'adin kamfanin ya cika. Yaya, da ka ga yadda take gudu. La'asar ta yi, jama'a suka cika, ko gezau. Saƙonni suka juya suka zama na sa albarka, tsohon nan mai doya har ya ce zai aiko mini da doya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba, har na ɗan ji kaina ya kumbura.

Ba a yi mako ba Umma ta aiko a kira ni. Ta ce ubanki ya daina taɓa wayar nan, yana zama a zaure bayan la'asar hannu a kan gwiwa, ba ya karatu, ba ya sauraron rediyo. Ta ce ta tambaye shi, abin da ya ce kawai shi ne an sauya mutumin. Na duba wasanninsa a saba, na ga tun ranar da na yi ƙaura bai ci ko ɗaya ba. Yana ajiye ɗansa a fili, Ɗan Gida ya ƙi kallonsa, ya je ya toshe gefen tun kafin a fara kafa dokin, sannan ya bi Baba ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya babu tausayi. Ya gwada, ya sake gwadawa, sai ya ajiye.

Na rantse na yi kuskure a wani wuri. Na ɗora naka da nawa gefe da gefe, na bi su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ban samu komai ba. Abin da kake so shi yake so, abin da kake rainawa shi yake rainawa. Sai da na kai sashen nan na "kar a taɓa" na sake karanta shi da natsuwa sannan na gane. Ba ka gaya wa Ɗan Gida taku nawa zai hango gaba ba. Ce masa ka yi ya yi ta hange har sakan biyu su cika, sannan ya taka mafi kyawun abin da ya gani. A tsohuwar saba sakan biyu ba sa kai shi nesa, yana ganin cin da ke gabansa, ba ya ganin dokin da ke bayansa. A sabuwar kuwa, cikin sakan biyun nan ya je ƙarshen wasa ya dawo. Ban sauya maka kalma ɗaya ba, amma na raba Baba da kai. Garin neman gira na rasa ido.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, sai in ɗaure masa ƙafa. Na sa masa iyaka, na ce kar ya hango fiye da kaza, na lallaɓa Umma ta ce wa Baba an gyara. Ya buga sau ɗaya, ya share Ɗan Gida cikin ɗan lokaci, ya miƙa mata wayar. Ta ce ransa ya fi ɓaci a kan na farko. Wai cewa ya yi Kabiru kwaɗayi gare shi, amma ba wawa ba ne. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na ƙara iyakar kaɗan, na gwada da kaina, sai ya daina faɗawa tarkon gaba ɗaya. Nan wawa, can gwani, kai kuma kana wani wuri a tsakani da lamba ba ta kama shi.

Sai na koma kan tsofaffin wasanni na lokacin da sabarka ke aiki, na lura da wani abu. Ɗan Gida ba ɗaya ba ne a yini. Da hantsi, lokacin da kowa ke fama da kaya a kasuwa, yana da kaifi. Bayan la'asar, da jama'a suka cika, sabar tana raba ƙarfinta tsakanin wannan da wancan, sai hangensa ya gajarta, wani takun ya yi kyau, wani ya yi sakaci, ya danganta da yawan waɗanda ke jan rigarsa a lokacin. Kuma Baba bai taɓa bugawa ba sai bayan la'asar. Ka ga abin da nake nufi? Wanda Baba yake zama da shi a zaure ba ra'ayinka kaɗai ya gada ba, har da rabuwar hankalinka. Mutanen Bodija da Shasha ne ke kiransa ta ko'ina, kamar yadda suke kiranka.

Zan iya kwaikwayon wannan ma. Ba wuya: in ƙirga mutanen da ke ciki, in rage masa hange gwargwadon yawansu, in ɗan zuba masa sakaci nan da can. Na buɗe laftof na fara, sai na tsaya. Wai ni ce zan zauna in auna maka shagala da mudu, in ce yau Yaya zai manta kaza, gobe zai manta kaza? A tsohuwar saba ba wanda ya shirya abin, haka ya zo, daga hannunka ya fito da kyawunsa da aibinsa. Wannan kuwa ni ce zan sa rigarka in zauna gaban mahaifinmu ina kwaikwayon muryarka. In ya gane fa? In kuma bai gane ba, wanne ya fi muni? Na tambayi maigidana, ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya san Baba, kuma Baba ya fi son a gaya masa magana komai ɗacinta.

Don haka na je na same shi. Na zauna a bakin tabarma na yi masa bayani da iyakar Hausar da zan iya. Na ce gidan da ka gina wa wasan ya tsufa, masu filin sun ba da wa'adi, na gina sabo na kwashe kayan duka, ban bar ko tsinke ba, amma sabon ya fi sauri, saurin ne ya sauya abokin wasansa. Na gaya masa ni na ɗaure wa na biyun ƙafa, na roƙe shi gafara a kan hakan. Ya ja carbinsa. Can ya tambaye ni ko tsohon gidan yana nan. Na ce yana nan har ƙarshen wata. Ya ce to in kai shi can sau ɗaya.

Washegari bayan la'asar na karɓi wayarsa na juya ta zuwa tsohuwar saba. Ina cikin yi wani tunani ya faɗo mini: yau babu kowa a can. Babu alaru, babu mai albasa, babu mai doya, duk suna sabuwa. Baba ne kaɗai zai shiga. Na buɗe baki zan gaya masa cewa ko wannan ɗin ba lallai ya zama yadda ya saba ba, sai na ga yadda yake goge tabarau da bakin riga, na fasa. Ni kaina ban san me zai faru ba.

An yi ruwa da rana, zauren yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da goro. Na zauna daga gefe inda nake hango allon. Suka dasa 'ya'ya, Ɗan Gida ya ruga tsakiya kamar kullum, Baba ya yi ɗan murmushi, ya ce to ga shi nan. Aka fara tafiya. Da lokaci ya yi Baba ya ajiye ɗansa a fili, ya kau da kai kamar bai gani ba, yadda yake yi maka. Ɗan Gida ya yi shirunsa na sakan biyu. Bai ci ba, Yaya. Ya bar ɗan a inda yake, ya matsa gefe ya tsaya a gurbin da dokin zai kafu.

Baba ya gyara zama. Na ji tsoron zai ajiye wayar, amma bai ajiye ba, don wannan ba irin na sabuwar saba ba ne mai tsince mutum babu numfashi. Tsohon yaren naka bai da wannan ƙarfin ko da shi kaɗai ne a gida. Ɗan Gida yana nan da son tsakiyarsa, ya yi wani kuskure Baba ya ci shi, ya rama, Baba ya sake ci. Hangensa bai wuce na mutumin da ya zauna ya tattara hankalinsa wuri ɗaya ba. Wasan ya ja har Umma ta leƙo ta koma. Na ga gumi a goshin Baba, na ga yatsansa yana tsayawa a sama kafin ya sauka, abin da ban taɓa gani ba a dararsa da kai. A ƙarshe 'ya'yan Baba suka kasa jera uku. Ka ci shi, da ƙyar, amma ka ci shi.

Ya kalli allon ya daɗe. Sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa da farko, har ta kai kafaɗunsa suna rawa, ya cire tabarau yana share ido da bayan hannu. Ya ce wai sai yau ka natsu. Na fara yi masa bayanin cewa don babu kowa a sabar ne, ya ɗaga mini hannu, ya ce ya gane, ai shi ma abin da yake faɗa ke nan. Ya ce shekara da shekaru yana so ya zauna da kai sau ɗaya babu mai kiranka, don ya ga iyakar kanka, kuma dama ya san in ka zauna za ka ci shi. Ni ban yi dariya ba. Kuka na yi, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da kai.

Da na samu bakina na ce masa zan iya kwafe tsohuwar sabar in ajiye a laftof a gida, ya riƙa bugawa duk lokacin da ya so. Ya girgiza kai. Ya ce mu ba ma kwana da gawa don muna son ta, kuma wanda ya ci wasa ai tashi yake yi. Ya ce sabuwar kuma in kwance mata ƙafa in bar ta yadda Allah ya yi ta, masu ƙarfin kai su je su kara da ita. Sannan ya ce in kashe tsohuwar a gabansa. Na buɗe laftof a nan kan tabarmar, na rubuta umarnin, layi ɗaya ne tak. Ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a, na shafa, na danna.

Akwai abubuwan da ban taɓa gaya maka ba. Ban taɓa ce maka na gode ba da ka zaunar da ni gaban laftof ɗin nan lokacin da kowa ke cewa me mace za ta yi da shi. Da shi nake ci yau, da shi nake taimakon gida. Kuma ni ma, ba Baba kaɗai ba, na daɗe ina jin haushin wayarka. Na sha zuwa da magana in koma da ita saboda wani a Shasha allonsa ya daskare. A watannin nan da na yi ina bin rubutunka layi bi layi ne na samu zaman da ban samu da kai ba kana raye, kuma a nan na ga cewa duk wani "wancan2" an rubuta shi ne a gurguje don wani yana jira. Na daina jin haushin. Kewa ce ta rage, ita kuwa ban san yaren da ake sauya mata ba.

Darar Sabo tana nan tana tafiya, mutanenka suna ciki har da waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Baba bai sake buga ta waya ba. Ya sa an tona masa gurabe a ƙofar gida, yana bugawa da tsofaffin layi in ƙasa ta bushe, yana cinye su da tarkonsa. Kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a ƙofar masallaci sai ya ba shi labarin cewa Kabiru ya ci shi a dara, ya kwatanta masa yadda ka ƙi ɗan da ya ajiye, da yadda ka toshe gefe. Ba ya faɗin yaushe aka yi wasan. Su ma ba sa tambaya.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata maka makwanci, ya sa aikin nan da mutane ke hutawa da shi ya zame maka haske. Ka huta, babu mai kiranka yanzu sai mu da addu'a.

Ƙanwarka mai yawan mita,
Rakiya
Sabo, Ibadan